Takardar CIPM: abin da take ƙara wa jami'in kula da ma'aikata, da abin da sai ya nema da kansa

A kamfanoni da yawa, daga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano har makarantu da asibitocin kuɗi na Kaduna da Abuja, ofishin kula da ma'aikata ne ake tunawa da shi a ƙarshe. A ofishin mai kamfani ake yanke shawarar ɗaukar mutum ko sallamarsa, daga baya a aiko wa jami'in ya buga takarda. Akanta ana kiransa taro domin kuɗi suna hannunsa, manajan injina ana sauraronsa domin in ya yi sakaci aiki ya tsaya. Shi kuwa mai kula da ma'aikata, ana ganin aikinsa bai wuce rijistar zuwa aiki da takardun hutu ba. Wannan raini ne ya sa da yawa daga masu sana'ar suke nufar Cibiyar Ƙwararrun Jami'an Kula da Ma'aikata ta Najeriya, wato CIPM, suna fatan takardarta za ta ɗaga darajarsu. Ra'ayinmu shi ne takardar ta cancanci kuɗi da wahalar da ake sha, ga wanda zai yi aikin a Najeriya. Amma rabin hanya take kai mutum, kuma gara ya san wane rabi ne tun kafin ya biya kuɗin rijista.

An kafa cibiyar a 1968, aka ba ta ikon doka da Dokar Soja mai lamba 58 ta 1992, wadda ta ɗora mata alhakin tsara sana'ar a ƙasa baki ɗaya. Hedikwatarta tana Alausa da ke Ikeja a Legas, tana da rassa a jihohi, Kano da Kaduna da Abuja duk suna ciki. Matakan zama mamba uku ne da ake rubutawa bayan suna: ACIPM ga wanda ya shigo, MCIPM bayan shekarun aiki, sai FCIPM ga dattawan sana'ar. Akwai kuma lasisin aiki da ake kira HRPL, wanda ake sabuntawa duk shekara uku, da sharaɗin mutum ya tara makin halartar horo a tsakani.

Yawancin mutane ta jarrabawa suke shiga. Ana hawa ne daga matakin share fage zuwa na tsakiya zuwa na ƙwararru, kuma mai digiri ko babbar difloma ana ɗauke masa wasu matakan gwargwadon abin da ya karanta. Wanda ya daɗe yana aikin a babban muƙami yana da wata ƙofar dabam, inda ake duba tarihin aikinsa maimakon ya zauna wa dukkan jarrabawoyin. Darussan sun haɗa da dokar ƙwadago ta Najeriya, hulɗa da ƙungiyoyin ma'aikata, fansho da inshora, tsara adadin ma'aikatan da kamfani yake buƙata, horarwa, lissafin kuɗi ga manajoji, da ƙididdiga. Ɗalibai sukan yi ƙorafi a kan biyun nan na ƙarshe, suna cewa me ya haɗa su da aikin mutane. Mu a ganinmu su ne suka fi kowanne amfani bayan dokar ƙwadago, za mu zo kan dalili.

Babban abin da cibiyar take bayarwa, wanda ba a samunsa a takardun ƙasashen waje, shi ne sanin dokar ƙasar nan dalla-dalla. A nan darajar jami'i take farawa, domin mai kamfani bai cika sanin waɗannan abubuwa ba sai ranar da takardar kotu ko ta hukuma ta iso. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutacciyar takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki. Ta kayyade wa'adin sanarwa kafin raba gari: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Hutun shekara bai gaza kwanakin aiki 6 ba bayan wata 12, hutun rashin lafiya da albashi har kwanakin aiki 12 a shekara idan likita ya tabbatar, hutun haihuwa mako 6 kafin a sauka da mako 6 bayan haka, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki. Wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da haƙƙin hutun da jimlarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kwana ɗaya a kowane mako. Abin da ake cirewa daga albashi a wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku ba, kuma cin tarar ma'aikaci ta hanyar yanke albashi, abin da ya zama ruwan dare a masana'antu da gidajen mai, doka ba ta bar shi a hannun manaja ya yi yadda ya ga dama ba.

Akwai wani ɓangare da ɗalibin da ya mai da hankali yake ganewa, wanda ya yi haddar kwana uku kuwa yake tsallakewa. Dokar Ƙwadago leburori da ƙananan ma'aikatan ofis take karewa. Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi da akantoci ba sa cikin waɗanda ta ambata. Su takardar yarjejeniyar aikinsu da littafin ƙa'idojin kamfani ne madogararsu. Wannan ba ya nufin ana iya yi musu yadda aka so. Tun gyaran tsarin mulki na uku a 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a Kano, ita kaɗai ke da hurumin shari'o'in aiki, kuma an ba ta damar duba yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da abin da ake ɗauka adalci a wurin aiki. Saboda haka tsohuwar al'adar rubuta wa mutum layi biyu cewa ba a buƙatar aikinsa ta zama mai haɗari, domin kotun ta sha neman a faɗi dalili. Jami'in da ya iya zaunar da mai gida ya ce, "Ranka ya daɗe, sallamarsa ba ta gagara, amma a fara ba shi takardar neman ba'asi, ya amsa a rubuce, kwamiti ya saurare shi, sannan a yanke hukunci," ya yi wa kamfani tanadin kuɗin lauya da na diyya. Tsarin ba shi da wuya: a rubuta laifin da rana da wuri, a ba da lokacin amsawa, awa 24 ko 48 kamar yadda littafin kamfani ya tanada, kada wanda ya kawo ƙara ya zama shi ne alƙali, a rubuta abin da aka tattauna kowa ya sa hannu, a adana kwafi a fayil. Inda ake faɗuwa kusan kullum wuri ɗaya ne, an yi gargaɗi da baki sau goma, babu ko ɗaya a takarda.

Sai kuɗaɗen da doka ta wajabta a tura wa hukumomi, waɗanda darasin fansho da inshora yake koyarwa sosai. Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, a cire wa ma'aikaci kashi 8, kuma abin da ake lissafawa a kai bai gaza jimlar tushen albashi da alawus na gida da na sufuri ba. A ce waɗannan ukun sun kama naira 100,000: za a cire 8,000, kamfani ya ƙara 10,000, a tura 18,000 asusun ma'aikacin cikin kwanakin aiki 7 da biyan albashi. Jinkiri yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin ba a kowane wata. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai ta rukuni, wadda ba ta gaza ninki uku na jimlar albashin shekara ba, kuma kamfanin da bai yi ba, idan ma'aikaci ya rasu, daga aljihunsa zai biya magada. NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, tana karɓar kashi 1 na jimlar albashin wata domin diyyar rauni a wurin aiki, a ƙarƙashin dokar 2010, kuma haramun ne a cire shi daga albashin ma'aikaci. ITF, hukumar asusun horar da ma'aikata, tana karɓar kashi 1 na albashin shekara, amma tana mayar da har rabin kuɗin ga kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa tsarinta kuma ya adana shaida. Kamfanoni da yawa suna biya ba sa neman a mayar musu, don babu wanda ya sanar da hukumar shirin horon kafin a yi, ko rasit da takardar halarta sun ɓace. Harajin albashi kuma ana tura shi hukumar haraji ta jiha kafin 10 ga watan da ke biye, a miƙa rahoton shekara kafin ƙarshen Janairu.

Ga inda wannan ilimi yake zama daraja kai tsaye. Kamfanin da yake neman kwangilar gwamnatin tarayya sai ya gabatar da takardun shaidar biyan fansho daga PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, da na ITF, da na NSITF, kuma na shekarar da ake ciki. Ranar da aka tallata kwangila aka nemi takardun, jami'in ya ɗauko su a shirye, daga ranar mai kamfani yake daina ganin ofishinsa a matsayin inda kuɗi suke fita kawai.

Abin da takardar ba ta iya yi shi ne ta bi sauyin doka a madadinka. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a 2023 ta mai da wajabcin ITF kan kamfanoni masu ma'aikata 25 ko fiye, ta kuma mai da cire kashi biyu da rabi na albashi don asusun gidaje na ƙasa zaɓi ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. A shekarar ce aka yi dokar kare bayanan mutane, wadda ta shafi yadda ake ajiye fayil ɗin ma'aikaci da sakamakon gwajin lafiyarsa. A Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara, ta sauya yadda ake lissafin rangwame. Wanda ya ci jarrabawa shekaru biyar da suka wuce ya rufe littafi, yau lissafinsa kuskure ne. Wannan ne ya sa muke ganin sharaɗin sabunta lasisi da tara makin horo abu ne mai kyau, duk da yana cin kuɗi a kai a kai, ga kuɗin mamba na shekara. Tarukan reshe na wata-wata da zaurukan WhatsApp na mambobi su ne inda labarin sauyi yake fara isa, kuma ga jami'in da shi kaɗai ne a ofishinsa, samun wanda zai tambaya yadda ake rubuta takardar rage ma'aikata ya kai darajar kuɗin da ya biya.

Yanzu dalilin da ya sa muka yabi darasin lissafi da ƙididdiga. A teburin manyan kamfani da adadi ake magana. Jami'in da ya shiga taro ya ce ma'aikata ba sa jin daɗi, za a gyaɗa kai a wuce. Wanda ya ce, a misali, cikin direbobi 40 mutum 14 sun bar aiki a shekara, 9 daga cikinsu kafin su cika wata shida, kowane sabo kuma yana cin makonni kafin a sake masa mota shi kaɗai, wannan za a tambaye shi mene ne mafita. Lissafin ba ya buƙatar manhaja mai tsada. Adadin waɗanda suka tafi a raba da matsakaicin yawan ma'aikata, a ninka da ɗari, a yi shi sashe-sashe domin jimlar kamfani tana ɓoye inda ciwon yake. A ƙara da kwanakin fashin aiki, kuɗin ƙarin lokaci na kowane sashe, kwanakin da gurbi yake ɗauka kafin a cike shi, da kason da albashi yake ci daga cinikin wata. Shafi ɗaya, kowane wata, a rana ɗaya, ko ba a nema ba. CIPM tana koyar da yadda ake lissafin, amma jarrabawa ba ta tilasta maka sanin yadda kamfaninka yake samun riba. Wannan sai ka sauka da ƙafarka: ka zauna da akanta ranar rufe wata, ka shiga ɗakin injina a canjin aikin dare, ka bi motar rarraba kaya sau ɗaya, ka san watannin da kasuwa take buɗewa da waɗanda take ja baya.

Babban gibin da muke gani shi ne karatun ya fi dacewa da manyan kamfanoni masu hukumar daraktoci da rubutattun ƙa'idoji, irin bankuna da kamfanonin sadarwa. Mafi yawan masu ɗaukar aiki a Arewa kuwa kasuwancin iyali ne. Mai kamfani shi ne uba, manajan sito ƙaninsa ne, mai karɓar kuɗi ɗan 'yar uwarsa ne, kuma kowane mako akwai takardar alfarma daga wani babba. Babu darasin da zai koya maka abin da za ka yi idan ɗan gida ya makara kwana goma a wata, alhali an yanke wa lebura albashi kan makarar kwana ɗaya. Amma a nan ne ma'aikata suke auna ka. Hanyar da take aiki ita ce a rubuta ƙa'ida tun babu rigima, a kai wa mai gida ya sa hannu da kansa a lokacin da babu sunan kowa a ciki, a karanta wa ma'aikata da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ranar da ta faɗa kan ɗan gida, ba ka je da ra'ayinka ba, ka je da sa hannun Alhaji, kuma ka je masa shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. Game da alfarma, ƙin karɓa gaba ɗaya ba ya ɗorewa. Abin da yake ɗorewa shi ne kowa ya bi ta gwaji ɗaya da watannin gwaji ɗaya, a rubuta sakamako, sannan mai gida ya yanke hukunci yana ganin makin.

Haka nan akwai al'amuran da dokar ƙwadago ba ta ambata ba, amma kullum suna gaban jami'i a nan: lokacin sallar Juma'a ga masu aikin canji, sauya awannin aiki a watan azumi, hutun aikin Hajji, da takabar wata huɗu da kwana goma ga ma'aikaciyar da mijinta ya rasu. Idan ba a rubuta su ba, sai su zama abin roƙo, wanda yake da uwa a gindin murhu ya samu, wanda ba shi da kowa ya rasa. A rubuta kwana nawa ne da cikakken albashi, nawa da rabi, nawa babu albashi, sau nawa mutum zai iya nema, kuma a yi wa ma'aikata Kirista irin wannan tanadi a ranakun ibadarsu da ziyararsu. Muna ganin rassan cibiyar na Arewa su ne suka fi cancanta su fitar da samfurin irin waɗannan ƙa'idoji ga mambobinsu, da fassarar Hausa ta muhimman sassan dokar, domin karatun da jarrabawar duk da Turanci ake yinsu, alhali wanda za a yi wa bayani a bakin injin da Hausa zai fahimta.

Abu biyu suna rushe darajar jami'i komai yawan haruffan da ke bayan sunansa. Na farko kuskuren albashi. Ma'aikaci yana yafe abubuwa da yawa, amma ba ya manta watan da aka rage masa kuɗi aka ce ya jira wata mai zuwa. Maganinsa tsari ne: a rufe karɓar sauye-sauye a rana tsayayya, kamar 20 ga wata, a gwada jadawalin wannan wata da na watan jiya layi-layi, duk bambanci a nemo takardar da ta jawo shi, wanda ya shirya dabam, wanda ya duba dabam, wanda ya amince dabam. A riƙa ƙirga ma'aikata ido da ido lokaci-lokaci, a gwada lambobin asusun banki, domin sunaye biyu masu asusu ɗaya su ne alamar farko ta ma'aikatan bogi, haka ma wanda ya bar aiki ba a cire sunansa ba. Na biyu sakin baki. Albashin wani, rashin lafiyar wata, wanda ake shirin sallama, idan ɗaya ya fita daga ofishinka zuwa majalisar masu shayi, babu mai sake kawo maka matsalarsa, kuma manya za su daina sanar da kai abu sai an gama. Cibiyar tana da ƙa'idojin ɗa'a da hanyar ladabtar da mamba, amma a kamfanoni masu zaman kansu da yawa ba a tambayar lasisi kafin a ba mutum kujerar, don haka tsaron amanar yana wuyan mai ita.

Masu tambaya ko gara su nemi takardar cibiyoyin sana'ar na ƙetare, irin CIPD ta Ingila, ko SHRM da HRCI na Amurka, amsar ta danganta da inda suka dosa. Ƙungiyoyin agaji na duniya da kamfanonin ƙetare suna ganin girmansu, kuma sun fi zurfi a dabarun tsara ma'aikata. Sai dai da kuɗin waje ake biya, kuma babu wadda za ta koya maka wa'adin PenCom ko yadda ake tsayawa a Kotun Ma'aikata. Ga mai aiki a kamfanin gida, CIPM ce farko, sauran su biyo baya in hali ya yi.

Wanda ya fi cin moriyar karatun shi ne wanda yake kan aikin yana yi, domin duk abin da ya karanta da dare yana da fayil ɗin da zai gwada shi a kai da safe. Sabon mai digiri da bai taɓa riƙe jadawalin albashi ba zai iya ci, amma ya haɗa da neman gurbi ko na koyon aiki ne. Kafin biyan komai, a tura takardun makaranta a tabbatar da matakin da za a fara, domin ya danganta da fannin digiri, kuma shi ne yake nuna yawan zaman jarrabawa da jimlar kuɗi. A lissafa kuɗin rijista, na ɗauke darussa, na kowace jarrabawa, na bikin rantsarwa, da na shekara-shekara, ba na farkon kaɗai ba. Da yake ta kwamfuta ake rubuta jarrabawar, a tanadi na'ura mai kyamara da batiri mai riƙe caji, layin intanet biyu na kamfanoni dabam-dabam, da ɗaki marar hayaniya, a kuma gwada su kwana biyu kafin ranar. Mai aiki a kamfanin da yake biyan ITF ya nemi a sa karatun nasa cikin shirin horon shekara da ake miƙa wa hukumar, domin ta nan kamfanin zai iya neman a mayar masa da wani ɓangare na abin da ya kashe.